Turakun da Suka Yi Ƙafa

Tun ranar da ya rataya wani ɗan kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, a wuya, sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, yaro da babba sai Kamfas. Shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa ma an rage masa matsayi, Furofesa ya kamata a ce. Idan ka tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi karatun labarin ƙasa a jami'a, sai ya gyara tsayuwa ya ce likita mutum ɗaya yake dubawa, lauya rigima ɗaya yake rabawa, shi kuwa duniya sukutum aka damƙa masa. Abin da ba ya faɗi shi ne nan kaɗai aka ba shi gurbi, bayan sauran sassan sun duba takardunsa sun yi masa fatan alheri.

Karatun shekara huɗu ya riga ya zama na biyar. Bara aikin fili ya kayar da shi, domin an tura shi auna zurfin wani rafi, ya dawo babu littafin awo, babu takalmi ƙafa ɗaya. Bana ce damarsa ta ƙarshe, in ya sake faɗuwa jami'a ta sallame shi. Babansa tela ne, kuma bai ɓoye masa abin da ke jiransa ba.

"Ka ga keken ɗinkin can na kusurwa?" in ji Baba, yana nunawa da almakashi. "Shekara biyar ina zuba masa mai ba mai hawa. In ka sake faɗuwa, kai da shi mutu-ka-raba."

"Haba Baba! Hannun da zai zana taswirar duniya za a ba wa zare da allura?"

"Hannun dai da ya kasa riƙe takalmi."

Kamfas ya yi dariyar manya ya fita. Duk duniyar da aka damƙa masa babu abin da yake tsoro kamar keken nan.

Aikin da Malama, mai kula da aikin filinsa, ta ba shi bana ko ɗan firamare zai iya. Akwai wani kwari a bayan layinsu da ruwan sama yake ci kaɗan-kaɗan. Ta ce ya kafa turaku ashirin a gefensa, kowanne mita biyu daga baki, ya riƙa auna tsakanin turke da bakin kwarin duk sati har sati shida, a ga ko nawa ƙasa take zaizayewa.

"Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai," in ji ta. "Kuma don Allah kada ka yi tunani."

Yana fita daga ofishinta ya fara tunani. Mita biyu ai awon 'yan aji ɗaya ne. Babban masani yalwa yake bukata. Nan take ya mayar da ita mita goma sha biyu, ya shafe turakun da jan fenti, ya rubuta wa kowanne lamba, ya aro hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi.

To, mita goma sha biyu daga bakin kwari ba fili ba ne, rayuwar mutane ce. Turke na uku ya faɗa daidai ƙofar mai aski. Na biyar ya sami wurin zama a tsakiyar rumfar mai faci. Na bakwai ya tsaya inda masu kawo ɗinki suke cire takalma a shagon Baba. Na tara kuwa sai cikin garken awakin Gwaggo, yayar Baba, wadda ko kaza ba ta yarda ta shiga mata wuri ba sallama.

Mai aski ya fito da aska a hannu, ya bar mutum da rabin kai.

"Kamfas, lafiya kake buga mini ƙusa a ƙofa?"

"Aiki ne daga sama," in ji Kamfas, bai ko ɗago ba.

"Wane saman?"

"Ba a faɗi. Abin da zan iya gaya maka kawai, Kawu, duk abin da ya shiga tsakanin jan turken nan da kwarin can, lissafinsa yana hannuna."

"To shagona fa? Ai rabinsa yana ciki."

Kamfas ya dubi shagon sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya yi rubutu a littafi. Ranar wata kawai ya rubuta, amma mai aski ya koma ciki ya ƙarasa askin a karkace.

Kafin la'asar labari ya gama layi: rusau za a yi, jan turke shi ne iyaka, duk abin da ke ɓangaren kwari ya tafi. Babu wanda ya tambayi Kamfas, don kowa ya san amsar da zai samu ta fi tambayar duhu. Sai kowa ya yi abin da mai hankali zai yi. Da sassafe, kafin layi ya cika, mai aski ya girgiza turkensa ya tuge, ya matsar da shi taku biyu wajen kwari, ya share wurin da tsintsiya. Mai faci ya yi nasa lokacin da rana ta take, kowa ya shige inuwa. Gwaggo ta tuge nata tana yi wa awaki faɗa don kada a gane. Har Baba, da ya ga ɗansa ya tafi makaranta, ya leƙa dama da hagu ya yi nasa. Kowannensu ya tabbata shi kaɗai Allah ya ba wannan basirar.

Da sati ya zagayo Kamfas ya fito da tef ɗin awo. Mita goma da rabi. Ya sake aunawa, ya koma turke na gaba, goma. Ya bi duka ashirin, babu wanda ya kai sha ɗaya. Ya zauna a kan dutse yana murmushi shi kaɗai. Kwarin da Malama take zaton ɗan taƙi zai ci a shekara, ga shi ya lashe mita biyu a kwana bakwai.

Sati na biyu abin ya zama gasa. Mai aski ya hango turken mai faci ya fi nasa nisa, ya ga ai layin ya lanƙwaso ta kansa, ya ƙara taku huɗu. Mai faci ya ga haka ya ƙara biyar. Gwaggo ta gaji da tugewa, ta ɗaure bunsurunta a jikin nata, ta zuba masa dusa can gaba, ya ja shi da kansa. A sati na uku tef ya nuna mita biyar.

A ranar ne Umma, mahaifiyarsa, ta tare shi yana cin abinci yana danna kalkuleta.

"Ni kam ɗan nan, ba ka ce ruwan sama ne yake cin kwarin ba? Sati uku fa ko ɗigo ba a yi ba."

"Abin da na gano ke nan, Umma. Zaizaya ba ruwa. Ba a taɓa rubuta ta a littafi ba."

"Kuma turken ƙofar shagon babanka, da ina tuntuɓe da shi, yanzu sai na hango shi can wajen bola."

Ya ajiye cokali ya fita a guje. Gaskiyar Umma ce. Sati uku idonsa na kan tef da littafi, bai taɓa ɗaga kai ya dubi gidaje ba. Turaku ashirin, duk sun bar inda ya kafa su, sun nufi kwari a jere. Wani da ya ga haka sai ya tambayi wa ya taɓa masa kaya. Kamfas kuwa wani abu daban ya gani. Ashe ba kwarin ne yake zuwa ba, ƙasar ce take tafiya.

Da yamma ya tara mutanen layi a ƙofar shagon Baba, ya fito da teburin yanka, ya shimfiɗa yadi a kai, ya jera alli da maɓallai da dutsen guga.

"Jama'a, ba rusau ba ne. Da ma rusau ne da da sauƙi. Wannan yadin shi ne fatar ƙasa. Maɓallan nan turakuna ne. Dutsen gugar nan gidajenku ne. Ku duba."

Ya ja yadin a hankali. Maɓallai suka gangara, alli ya bi su, dutsen guga ya tsaya cak.

"Kun gani? Marasa nauyi su ne suke fara tafiya. Masu nauyi suna jira, sannan su tafi gaba ɗaya."

Ya fizgi yadin. Dutsen guga ya tashi ya sauka a kan babban yatsan mai faci. Ihun da mutumin nan ya kurma ya fi duk bayanin shiga kunne, har wata mata ta fara salati.

"Yaushe ke nan?" in ji mai aski.

Kamfas ya danna kalkuleta, ya dubi kamfas ɗinsa, ya dubi sama.

"Alhamis mai zuwa. Sha ɗaya na safe."

Mai aski ya san sarai shi ya matsar da na uku, amma sauran sha tara fa, wa ya matsar da su? Gwaggo ta san aikin bunsurunta ne na tara, amma ai bunsuru ɗaya gare ta. Baba ya sunkuyar da kai yana lissafi: nawa dai ni ne, to na mutane fa? Kowa ya riƙe sirrinsa guda ɗaya, ya gaskata sha tara.

Daga nan alamu suka fara bayyana. Ƙofar Gwaggo da ta shekara goma ba ta rufuwa, sai yanzu aka gane dalili. Umma ta zuba ruwa a faranti ta ga ya taru gefe guda, ba ta tuna farantin a lotse yake ba. Mai aski ya yanki kunnen wani, ya rantse shagon ne ya motsa, mai kunnen ma ya ce shi ma ya ji. Aka sayo igiya aka ɗaure rumfar mai faci a jikin falwayar lantarki. Wani maƙwabci ya sa duwatsu a gindin katangarsa kamar yadda ake yi wa motar da ba ta da birki. Mutane suka koma tafiya a karkace, suna jingina wajen titi.

Kamfas kuwa sati ne da bai taɓa yin irinsa ba. Duk inda ya gifta sai a miƙe, har Furofesan ma an fara kira. Ya rubuta wa Malama takarda shafi shida, ya ce ta zo ranar Alhamis da dukan 'yan aji su ga abin da littattafansu suka manta, ya ƙara da cewa ba zai ƙi ba idan an sa wa abin sunansa. A ransa ya riga ya ga keken kusurwa an sayar wa masu gwangwan.

Gwaggo kaɗai ta tare shi da tambaya.

"Kai, in gidajen sun gangara, ina za su tsaya?"

"A ƙasan kwari, Gwaggo, bisa tsari. Naki zai riga na Baba isa."

"To ni da na fi shi shekaru ai daidai ne. Awakin fa?"

"Marasa nauyi ne. Ina mamakin ma da suke nan har yanzu."

Ranar Alhamis tun da hantsi layi ya koma kasuwa. Katifu, tukwane, madubin mai aski, injin iskar mai faci, buhunan yadin Baba da kekunansa biyu, duk an tsallaka da su titi an jibge a kan tudu. Gwaggo ta zauna a kan akwatinta, igiyoyin awaki bakwai a hannu. Mutane suka jeru suna kallon gidajensu, wasu har da hawaye. Kamfas yana gaba da hular kwano da usur a baki.

Saura minti goma bas ɗin makaranta ta tsaya. Malama ta sauko, 'yan aji talatin a bayanta. Ta dubi tulin kaya, ta dubi jama'a, ta dubi ɗalibinta.

"Gobara aka yi?"

"Kin zo a daidai, Malama. Ki ɗan ja baya, kada iskar ta ɗebe ki."

Ya ɗaga hannu yana ƙirga daƙiƙu da ƙarfi, jama'a suna amsawa. Da ya kai ƙarshe ya busa usur. Mata suka rufe ido. Mai faci ya dafe kai.

Gidaje suka tsaya inda suke. Wata kaza ta fito daga zauren Gwaggo ta tsallaka hanya ba gaggawa.

"Agogona yana gudu," in ji Kamfas. "A ƙara minti biyar."

Aka ƙara. Ya sake busawa, wannan karon usur ɗin ma bai fita sosai ba.

"Nauyin kayan da aka kwashe ne ya canja lissafi," ya ce. "Da an bar katifun a ciki…"

Malama ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tsallaka titi ta nufi kwari, mutane suna yi mata ihu ta dawo. Da suka ga ƙasa ba ta tafi da ita ba, suka bi ta a ɗarare. Ta tsaya a turke na uku, wanda yanzu saura ƙiris ya leƙa ciki.

"Mita nawa na ce ka sa?"

"Biyu, Malama."

"Nawa ka sa?"

"Sha biyu. Don a sami yalwa."

"A ina ka fara kafa wannan?"

Ya nuna ƙofar mai aski. Ta bi layin a hankali tana duban ƙasa, ta tsuguna, ta sa biro ta tona wani wuri mai laushi. Sai ga gashi, baƙi da fari, cunkus a cikin rami. Taku biyu gaba, wani ramin, shi ma gashi. Ramuka biyar ta tona a jere har zuwa turken.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ƙasarku tana tafiya, tana barin rami a baya, kuma tana toshe shi da gashi."

Ido ya koma kan mai aski.

"Nawa kaɗai na taɓa, wallahi! Ɗan matsarwa ne. Sauran da kansu suka tafi!"

"Da kansu?" in ji mai faci, yana ɗingishi. "Ai nawa ni na…" Sai ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita.

'Yan aji suka bazu suna tono. Ramukan na biyar da guntayen roba aka toshe su. Layin na tara, bayan 'yan ramukan farko, sai doguwar shara da sawun kofato. Nan fa wuri ya kaure, kowa yana nuna kowa. Wanda ya ɗaure katanga yana zagin wanda ya sayar masa da igiya. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa komai ba, a tambayi bunsuru.

Wata ɗaliba ta ɗago daga layin na bakwai da dogon ƙyalle a hannu. Ta ja, wani ya biyo, ta sake ja, wani ya biyo, kala-kala. Ramuka tara, duk an toshe su da ƙyallaye, an danne da kyau, aikin mai hannu. Na bakwai ya fi kowane turke nisa.

Kamfas ya juya a hankali.

"Baba?"

Baba ya cire hula ya sosa ƙeya, ya mayar.

"To, shago ne fa, ɗan nan. Shekara talatin."

"Amma kai ma ka kwashe kaya!"

"Na ga na mutane sun tafi."

Dariyar 'yan aji ta cika kwarin, har da masu riƙe ciki. Malama ta karɓi littafin awon, ta buɗe shafi-shafi, ta rufe.

"Sati huɗu kana awo, ko taƙi ɗaya na zaizayar ƙasa babu a nan. Tsoron maƙwabtanka ka auna, shi ma ba daidai ba. Sifili."

Kamfas ya karɓi littafinsa ya rungume. Hular kwanon ta zamo ta rufe masa ido, bai ko gyara ba. Baba ya dube shi. Shekara biyar yana jiran wannan rana, ga ta ta zo, kuma ko kaɗan bai ji daɗinta ba. Tausayin ɗansa ya kama shi, ya matsa gaban Malama.

"Malama, a yi haƙuri. Ni na fi kowa matsarwa, kin gani da idonki. In faɗuwa ce, ni na faɗi. A rubuta mini sifilin."

"Baba, ai kai ba ka yi rajista ba."

"To a raba mana, shi rabi ni rabi."

"Rabin sifili, Baba?"

Ta gaishe shi da ladabi, ta kira ɗalibanta, bas ta tashi ta bar ƙura.

Mutanen layi ba su yi doguwar shawara ba. Wanda ya sa aka fitar da kaya shi zai mayar. Tun azahar Kamfas yake jigila, katifa bayan katifa, tukunya bayan tukunya, Gwaggo tana biye da shi tana ƙirga murafai. Mai aski ya sa ya rataya madubi sau uku, wai har yanzu a karkace yake ganinsa. Duk da haka, da ya zo wucewa da injin iska a kafaɗa, sai da ya tsaya ya ce wa mai faci, a ilmance fa ba a ce ƙasar ba za ta taɓa tafiya ba, rana ce kawai ba a tsayar ba. Mai faci ya ɗaga sandar da yake dogarawa, Kamfas ya ƙara sauri.

Da rana ta yi sanyi tudu ya koma wayam, saura abu ɗaya. Baba ya naɗe wani ƙyalle ya yi gammo, ya ɗora masa a ka da hannunsa, sannan suka kama keken kusurwa su biyu suka aza. Wuyan Kamfas ya nutse, ƙafafunsa suka yi rawa.

"Baba, wannan ai ya fi injin iska nauyi."

"Za ka saba," in ji Baba, yana tafe a gefensa, hannu ɗaya a jikin keken don kada ya zame. "Riƙe shi da kyau. Naka ne."